Kogin da Uwata Take Amsa Sunansa

A Jidda aka haife ni, kuma Jidda ba ta da kogi. Teku muke da shi, mai gishiri, sai kwari da ke cika in an yi ruwan sama, ya kwashe motocin mutane ya bushe. Na yi shekaru ina aikin sito a tashar jiragen ruwa, kullum ina kallon Bahar Maliya, amma har yau da furfura ta cika mini gemu ban taɓa tsayawa a bakin ruwan daɗi mai tafiya da kansa ba. Duk da haka da sunan kogi na fara buɗe baki, domin uwata Nilu ake kiranta.

Tana da sunan yanka, amma ba na faɗarsa, ko a rubuce hannuna ba ya yarda. Ita 'yar fari ce, don haka kakata ba ta kama sunanta, ta sa mata Nilu, kowa ya bi. Ni ma ɗan fari ne, a ɗakin Kaka na tashi. Na ji ana cewa Nilu, na ce Nilu, sai da na yi wayo na ƙara Yaya a gaba. Ita kuwa har gobe ba ta kiran sunana. "Kai wannan" take ce mini, ina da jikoki.

Kwanakin baya matar ɗana Bashir ta haifi mace. Bashir ya zo ya ce zai mayar wa uwata suna, kuma a gida Nilu za a riƙa kiran yarinyar, tunda babu mai iya kama sunan yankan a gaban mai shi. Na ji daɗi, na sa masa albarka. Muna nan zaune sai autata Safiya, wadda take sakandare, ta miƙo mini wayarta tana murna. Ta ce, "Shuf ya Baba, ka ga mai sunan na asali." Na duba. Gunki ne na farin dutse, wani dattijo mai gemu a kishingiɗe, jarirai suna hawa jikinsa ta ko'ina. Ta ce a makaranta aka koya musu: mutanen Girka na dā su suka kira kogin Nilos, daga nan sunan ya bazu, kuma ba ruwa kawai suka ɗauke shi ba, cikin abubuwan bautarsu suka sa shi.

Na mayar mata da wayar. Na ce wa Bashir a dakata da maganar laƙabin nan tukuna. Ya dube ni ya ce, "Ya Baba, ba dai an fara ba?" Ya san halina. Ni mutum ne da nake komawa daga bakin masallaci in duba ko na kashe gas. Ina sake alwala don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Amma wannan ya fi gas. Ga ranar suna tana matsowa, ga uwata ta riga ta ji labari ta sa an ɗinka mata sabon kaya. Ko dai in bar jikata ta tashi da sunan gunki, ko in je in gaya wa tsohuwa cewa sunan da take amsawa tun tana zanen goyo bai dace a sa wa yaro ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, na san dattijon nan na dutse. Na taɓa jin labarinsa a bakin Kaka, a gaban wuta, ban dai yarda akwai shi ba.

A unguwar Karantina muke zaune a lokacin, a wani gida na katako da kwano mai ɗan tsakar gida. Kaka gyaɗa take soyawa ta kai bakin makaranta da safe. Da rana ba a iya kusantar wuta a garin nan, don haka sai an yi magariba take hura gawayi, ta ɗora babban kasko, ta zuba yashi, in ya yi zafi ta juye gyaɗa. Iska daga teku takan shigo a jiƙe, ta haɗu da ƙamshin gyaɗa da hayaƙi, ta manne a riga. Yaran gidan da na maƙwabta mukan kewaye kaskon. Waɗanda Larabci ya fi kama bakinsu sukan ce mata Sitti, ita kuwa ta ɗaga ludayi ta ce, "Sittinku tana Ɗa'if tana shan iska. Ni Kaka ce. Wanda bai iya cewa Kaka ba, ba shi da gyaɗa." Da gyaɗa ta koya wa rabin unguwar Hausa.

Ƙaramar mace ce, baƙa, mai tsage biyu a kumatu da tafin ƙafa kamar fatar jaka. Da ƙafar nan ta taho daga ƙasar Katsina ita da kakana, suna tafe suna tsayawa, su yi noma a nan, su tsinci auduga a can, har suka ga teku. Ba ta yi karatun boko ba, Alƙur'ani ma abin sallah kawai ta riƙe. Amma ban taɓa ganin wanda ya san inda zai tsaya a magana kamarta ba. Takan kai labari daidai wurin da numfashinmu ya tsaya, sai ta ce gyaɗa za ta ƙone, ta shiga juyawa a hankali, tana kallonmu ta gefen ido.

Ni wurin zamana daban yake. Tsoron tartsatsi nake, kada ya kama katakon ɗaki, don haka kullum da gwangwanin ruwa a gefena. Kaka takan nuna ni ta ce, "Ku ga maigidana, ɗan kwana-kwana. Wasu sun auri masu raƙuma, ni na auri mai gwangwani." Yara su fashe da dariya. Amma ko sau ɗaya ba ta ce in ajiye shi ba. In an gama ma ita take cewa, "Maigida, zo ka yi aikinka," in yayyafa wa garwashin ruwa har ya daina huci, sannan in iya barci.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Takan buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Wa ke jin ƙishirwa?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "To ku matso, daga nesa na ɗebo." Tana da labarai da yawa, amma na kogi muka fi roƙo, wataƙila don babu wanda ya taɓa ganin kogi a cikinmu.

Wai a farkon zamani kogin ba shi da suna. Mutanen bakinsa ba su ga dalilin sa masa ba, tunda shi kaɗai ne. In an ce ruwa, an san shi ake nufi. Sai wata shekara wasu baƙi suka shigo daga tekun arewa a jirage masu tsinin baki, farare, masu dogon hanci. Agarik take kiransu, wato mutanen Girka, yadda ta ji ana faɗa a Sudan. Ta ce mutane ne masu kai, sun iya gini, sun iya lissafin taurari, amma ba sa iya ganin abu su ƙyale shi. "Kamar wani da na sani," ta ce, ba ta ko dubi inda nake ba.

Da suka zauna sai suka ga abin mamaki. Sama tas, babu ko ɗigon hadari, rana tana gasa ƙasa, sai ga kogi ya kumbura ya hau gonaki, ya kwanta abinsa, sannan ya janye ya bar baƙar laka mai fitar da hatsi. Suka ce, wa ke cika shi? Suka tambayi manomi, manomi ya ce shi dai yana shuka. Suka ce ba su yarda ba, sai sun ga inda kansa yake. Suka shiga jirgi suka nufi kudu. Suka tarar da kada yana shan hantsi, suka ce, "Kada, ina kan ruwan nan?" Kada ya ce, "Ni a tsakiya aka haife ni. Amma in ɗayanku zai sauko, sai in raɗa masa a kunne." A nan Kaka takan buɗe baki ta haɗa haƙoran da suka rage mata, ƙananan cikinmu su ɓuya a bayan manya. Suka wuce suka tarar da dorina, dorina ta ce tun kakarta ake cewa yana gaba. Suka yi ta tuƙi, duwatsu suka fasa musu jirage, suka gyara, sauro ya ci rabonsa, gemunsu ya yi fari, kogi bai ƙare ba. Suka juyo.

Da suka koma, sarkinsu ya ce, abin da ba a san farkonsa ba, ga shi yana ciyar da duniya, ai ya wuce a ce masa ruwa. Suka yi taro suka raɗa masa suna. Suka sassaƙa mutum na dutse, dattijo a kwance da yara a jikinsa, suka ce ga kamanninsa. Suka kawo bijimi da alkama da zuma suka zuba a ruwa, suka durƙusa. Kogi ya ɗauki bijimin da alkamar bai ce komai ba, ya kai su wani ƙauye da ake yunwa, ya ajiye a gaɓa. Washegari suka sake kawowa, ya sake kaiwa. Da abin ya ishe shi, sai ya yi magana.

Nan Kaka takan ajiye ludayi. Muryarta ta sauka can ƙasa, har ka ji kamar daga cikin kasko take fitowa.

"Sunan na karɓa, na gode. Dama na gaji da 'kai ruwa, kai ruwa'. Amma ku tashi daga durƙuson nan, kuna ɓata gwiwa. Ni ma aiko ni aka yi, kuma na makara."

Ya wuce abinsa. Zamani ya juya, mulkin Agarik ya ƙare, yashi ya rufe mutumin dutse, suna ya zauna. Larabawa suka zo suka ce Nil, mu muka zo da ƙafa muka ce Nilu. Yana amsa wa kowa, bai fasa tafiya ba. "Ruwa ya wuce," in ji Kaka, "kowa ya goge baki." Sai ta tankaɗe yashi ta raba mana gyaɗa mai zafi a tafin hannu.

Sauran yara kada suke so. Ni durƙuson ne ya tsaya mini. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Kaka, to su Agarik ɗin wuta za su shiga?"

Ta ce, "Maigida, an gaya maka ni ke rabon ɗakuna a lahira? Ni gyaɗa nake sayarwa."

Na ce, "To gaskiya ne labarin?"

Ta ce, "Kogin gaskiya ne, na sha shi. Ci gyaɗarka tana hucewa."

Da wannan na kwantar da raina shekara da shekaru. Kada ba ya magana, dorina ba ta da labarin kakarta, don haka mutumin dutse ma ƙirƙira ce irin ta tsofaffi. Na san an haifi uwata a bakin Nilu a hanyar zuwa, na ɗauka iyakar dalilin sunan ke nan. Kaka ta rasu ina saurayi, aka binne ta a garin nan da ta taka rabin duniya don ta iso. Sai ga shi bayan tsawon zamani 'yata ta miƙo mini dattijon nan a tafin hannu, da gemunsa da jariransa, yadda Kaka ta faɗa ba ragi. Ashe ta sani. Ta san an durƙusa wa sunan, ta ɗauka ta sa wa 'yarta.

Na je wurin limamin masallacinmu a Madain Fahd bayan la'asar. Mutum ne mai haƙuri da ni, ya sha tambayoyina. Ya saurara har na gama, ya ce babu komai a ciki. Ya ce kogin nan da wannan sunan ya zo a hadisi, an ambace shi da alheri, kuma ba wanda ya ce a canza masa. Na yi godiya na fito. Ban kai ga takalmina ba sai zuciyata ta ce, to ai wannan kogi ne, mutum fa? Na koma. Ya ce, "Ya sheikh, mutum ma babu komai. Halas. Je ka sayi rago." Na san amsarsa ta isa. Amma mai irin halina ya san yadda abin yake: kai ya yarda, ciki bai yarda ba. Na yi ta juya shi. In na yi shiru alhali ina shakka, yarinya ta girma da shi, wa za a tambaya? Ni ne babba a gidan.

A ƙarshe na ga babu makawa sai na je wurin mai sunan. Tana zaune a gidan ƙanwata, layi biyu tsakaninmu. Na same ta a kan darduma ta miƙe ƙafa, tana tsince zare daga sabon mayafin da za ta sa ranar suna. Na gaishe ta. Na tambayi ƙafa, na tambayi maganin sukari, na tambayi ko na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga.

Ta ce, "Kai wannan, gaisuwa ka zo ko duba gida? In gas ne an kashe."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata. Na faɗi maganar Safiya da hoton, na faɗi abin da liman ya ce don kada in rage gaskiya, na ce ni dai raina bai kwanta ba, ko za a samo wa yarinyar wani laƙabin, Ummi ko Walida, irin wanda kowa yake sawa. Ina magana ina jin muryata kamar ta wani. Ta daina tsince zaren. 

Sannan ta ce, "Mai gemun nan da yara a jikinsa?"

Na ce shi.

Ta ce, "Ashe yana nan. Inna ta ce matar ta rantse mata akwai shi."

Na ce wace mata?

Ta gyara zama, ta juya fuskarta wajen bango, don ba a yi wa ɗan fari irin wannan hira ido da ido. Ta ce lokacin da su Kaka suka iso Kosti, wani gari a bakin Nilu a Sudan, cikin ya tsufa. Kakana ya haye ɗaya gaɓar neman aikin dako, ruwa ya cika, bai samu dawowa da wuri ba. Naƙuda ta kama Kaka a kasuwa, nesa da zangon mutanenmu, ta durƙushe a jikin bangon wani kanti. Maza suna wucewa suna kau da kai. Sai matar mai kantin ta fito, wata ƙatuwar Bagirkiya cikin baƙaƙen kaya, da gicciye a wuya. Ba ta tambayi kowa ba, ta ciccibi Kaka ta shigar da ita bayan kanti, tsakanin buhunan sukari. Ba mai jin yaren wani, sai guntun Larabci da hannu. Haihuwar ta yi wuya. Da jaririyar ta fito ba ta yi kuka ba, jikinta ya saki. Matar ta tsoma ta a kwanon ruwan kogi da aka ɗebo don sha, ta ɗaga ta, ta mari bayanta, ta sake tsomawa, tana ta surutu da yarensu kamar mai faɗa.

"Sai na yi kuka," in ji uwata. "Inna ta ce har mai kantin ya ji daga waje ya zubar da awo."

Kaka ta zauna a bayan kantin nan har ta yi ƙarfi. Matar ce take dafa mata ruwan wanka, ta koyi dama kunu don ta ga ba ta son abincinsu. Da yamma sukan zauna a ƙofar baya suna kallon ruwa, a nan ta ba ta labarin kakanninta da kogin, rabi da baki rabi da hannu. Kada da dorina Kaka ce ta ƙara daga baya. Da kakana ya dawo aka yi suna, Kaka ta so a riƙa kiran yarinyar da sunan matar. Kakana ya ce bai iya kai 'yarsa Makka da sunan Nasara ba. Kaka ta je ta gaya mata, tana jin kunya. Matar ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta nuna kogi ta ce, wannan kakanninmu suka sa masa suna, ku kuma kuna alwala da shi. Kira ta da shi, mun raba.

Na ce, "Me ya sa Kaka ba ta taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ta san mijinta ɗan kwana-kwana. Da ta ce maka hannun Kirista ne ya fara taɓa ni, da ka bi ni da gwangwani kana yayyafa mini ruwa."

Na yi dariya ban shirya ba, ita ma kafaɗarta ta motsa. Sannan ta ɗauki mayafin ta shimfiɗa a cinya tana shafawa. Ta ce, "Na yi sallah da sunan nan. Na yi ɗawafi da shi. Na binne uwata da ubanka ina amsa shi. Dutsen nan bai taɓa zuwa ya ce in ba shi kayansa ba. In tsoro kake ji, jikarka ce, ku sa mata abin da ranka zai kwanta, ba zan yi fushi ba. Amma ni kada ka taɓa mini nawa. Inna ta manta sunan matar tun kafin mu ga teku, bakinta bai iya riƙe shi ba. Ba ni da wani wurin ajiye ta sai nan."

Na fito na taka zuwa gida a hankali. Tun ina yaro na ɗauka labarin kogi gargaɗi ne a kan masu durƙusa wa abin da ba Allah ba, kuma haka ne, akwai wannan a ciki. Amma ni durƙuson kawai na riƙe, na bar abin da kogin ya yi. An kawo masa abu biyu a haɗe, mai kyau da marar kyau. Bai firgita ya watsar da duka ba. Ya ware, ya ɗauki suna ya ce na gode, ya mayar da sujada inda ta dace, ya ci gaba da aikinsa. Haka Kaka ta yi a bayan kantin nan, tana yarinya, ba malami kusa, ba uwa, ba dangi. Ba ta karɓi gicciyen matar ba, matar ma ba ta miƙa mata ba. Ta karɓi alherin, ta nemi inda za ta sa shi ya daɗe. Ni da na zauna a aji na iya karatu, rayuwata duka in na ga ɗigon shakka a abu sai in zubar da shi gaba ɗaya, in ce na yi taka-tsantsan. Sau da yawa ba tsoron Allah ba ne, tsoro ne kawai. Na kusa zubar da godiyar da mata biyu suka ɗauko tun daga Kosti, don hoton dutse a waya.

Ba zan ce na warke ba. A daren ma sai da na tashi na duba ƙofa. Amma da safe na kira Bashir na ce a bar laƙabin yadda ya faɗa. Ya ce, "Akid, ya Baba, ka tabbata? Ba za ka kira ni da azahar ka canza ba?" Na ce in na kira kada ya ɗauka.

Ranar suna gidan ya cika tun da hantsi. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, mahauci yana fama da rago a tsakar gida. Uwata tana zaune a kusurwar ɗakin mata cikin sabon mayafinta, ana ta zuwa gaishe ta. Aka miƙo mini jaririyar a bakin ƙofa, a naɗe cikin farin tawul, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ina tsoron kada in riƙe ta da ƙarfi, ina tsoron kada in riƙe ta da sako-sako. Na matso da bakina kusa da kunnenta na kira ta a hankali, yadda na zaci ba mai ji.

"Nilu."

Daga can kusurwa uwata ta ce, "Na'am."

Mata suka kwashe da dariya. Ta dube su, ta dubi abin da ke hannuna, ta gane. Ta miƙo hannu biyu.

"Au, ba ni ba ce. Kai wannan, kawo ta nan kafin ka yar da ita. Na daɗe ina amsawa ni kaɗai."